Turshin kokwamba ya yi mini laushi a zafin Makka: gishiri ne ya yi kaɗan, ko khal (binega) ya kamata in zuba?

Maman Hanan, Rusaifa, Makka:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun jiya. Kwana goma da suka wuce maigidana ya dawo daga halagar Ka'akiyya, wato kasuwar kayan lambu, da kwali guda na ƙananan kokwamba, irin waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Da na ga ba za mu cinye su kafin su yanƙwane ba, sai na ce bari in haɗa turshi, wato kayan lambun da ake tsimawa su yi tsami, irin wanda wata maƙwabciyata 'yar Sham take aiko mana. Na wanke su tas, na jera su a kwalba mai cin lita 3, na jefa tafarnuwa da ɗanyen barkono, na narka gishiri cokali 2 a ruwan famfo na zuba har wuya, sannan na rufe na ɗora a saman kabad ɗin kicin. A rana ta uku ruwan ya yi dishi-dishi yana kumfa, a rana ta biyar wani farin abu kamar yanar madara ya rufe samansa, jiya kuwa da na ciro guda ɗaya sai yatsana ya nutse a cikinta, da na tsaga ta na tarar cikin ya zama kogo. Na zubar da duka raina yana ƙuna, domin abinci ne kuma gumi aka yi aka saya. Maƙwabciyar tawa ta yi tafiya, shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Goggo, Jarwal, Makka:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya mayar miki da alheri. Jikata ce take rubuta mini, ina faɗa tana bugawa. Kafin a kai ga maganar gishiri, ki fara duba watan da muke ciki. Na tashi na tarar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta haɗa turshi a tsakiyar zafi ko da an kawo mata kayan kyauta. Sai iska ta fara sanyi, lokacin da lifit (saiwar nan da ake kira turnip) da karas da farin kabeji suke saukowa daga Ɗa'ifa da araha, sannan take wanke randarta ta kife ta a rana yini guda, ta cika ta, ta ajiye a ƙarƙashin matakala inda rana ba ta leƙawa. Ke kuma kin ɗauki kwalba kin kai ta saman kabad, wurin da duk turirin girkinki yake taruwa, a garin da ko bango idan kin taɓa da azahar sai kin janye hannu. Gishirinki ma ya yi kaɗan ƙwarai. Mu ba mu san cokali ba. Ɗanyen ƙwai ake wankewa a saka a cikin ruwan, a yi ta ƙara gishiri ana juyawa har sai ƙwan ya taso ya nuna kansa a sama kamar faɗin kwabo, to a nan ruwan ya isa. Ban taɓa ganin turshin da aka haɗa da ruwan ƙwai ya yi laushi ba.

Maman Faisal, Sabil, Jidda:

Allah ya ƙara wa Goggo lafiya da nisan kwana. Maganarta gaskiya ce, sai dai gidajen da muke ciki yanzu ba su da ƙarƙashin matakala, kuma yara ba sa jiran sanyi kafin su nemi turshi a kan ful (dafaffen wake) da gurasar tamis ta safe. Ni shekara da shekaru khal nake amfani da shi, ban taɓa zubar da kwalba ko ɗaya ba. Ina auna farin khal kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, in zuba gishiri cokali ɗaya da sukari kaɗan, in ɗora a wuta ya tafaso, sannan in juye shi da zafinsa a kan kokwamba da karas ɗin da na riga na jera a kwalba. Idan ya huce sai in rufe in saka a firji, bayan kwana biyu an fara ci. Babu kumfa, babu yana, babu jiran mako biyu ana leƙe da fargaba. Ƙanwata Maman Hanan, ki bi wannan hanyar ki huta, domin abin da ake bari ya tsima da kansa a wannan ƙasa tamu caca ce da abinci.

Goggo, Jarwal, Makka:

'Yata ta Jidda, abin da kike haɗawa yana da kyau kuma ina ci idan an ba ni, amma kwaɗon khal ne. Tsaminsa a kan harshe yake tsayawa. Wanda ya tsima da kansa tsaminsa har cikin ɓargon karas yake shiga, ruwansa ma ana kurɓa.

Yaya Asma'u, Madina:

Assalamu alaikum. Ina gaida Goggo da sauran iyaye. Aikina a ɗakin gwajin abinci yake, don haka zan ɗan tsawaita, ku yi mini haƙuri. Goggo da Maman Faisal abubuwa biyu daban suke magana a kai, duk da cewa a kasuwa suna ɗaya ake kiran su, turshi ko mukhallal. A hanyar Maman Faisal, tsamin daga waje aka kawo shi. A hanyar Goggo kuwa, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne da suke zaune a jikin kayan lambun tun daga gona suke cinye ɗan zaƙin da ke cikinsa su mayar da shi tsami, kuma danginsu ne suke mayar da madara nono, su ne kuma suke sa kamu ya yi tsami. Aikin gishiri shi ne ya danne ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci na 'yan kwanakin farko, har masu amfanin su yi ƙarfi su cika ruwan da tsami. Saboda haka dishi-dishi da kumfar da Maman Hanan ta gani a rana ta uku alama ce ta cewa aikin ya kama hanya.

Abin da ya ɓata shi abu uku ne suka haɗu. Kwalba mai cin lita 3 idan an cika ta da kokwamba, ruwan da zai shiga bai fi lita ɗaya da rabi ba, kuma cokali 2 na gishiri kusan giram 35 ne, wato kashi 2 da ɗoriya cikin 100. Kokwamba tana son kusan kashi 5 cikin 100, ma'ana giram 50 a kowace lita ta ruwa. Ga kuma zafi, domin wannan aiki yana son wuri mai digiri 18 zuwa 24, kuma da zarar an haura 27 kokwamba takan fara laushi, alhali Makka da rani tana wuce 40. Kogon da kika tarar a ciki iska ce ta taru da sauri saboda zafin, ta buɗa cikin kokwambar. Sannan akwai kan kokwamba na wajen fure, wanda yake ɗauke da sinadarin da ke narkar da ƙarfin jikinta, shi ya sa ake yanke ɗan siririn yanki a wannan gefen kafin a jera.

Game da ƙwan Goggo, gwaji ne na gaskiya. Ɗanyen ƙwai yana tasowa ne idan gishirin ya kai kusan kashi 10 cikin 100, kuma da shi ake haɗa ruwan zaitun har gobe. Ga mutanen da ba su da firji ba su da na'urar sanyaya ɗaki, wannan yawan gishirin shi ne katangar da ta tsare musu abinci.

Maman Hanan, Rusaifa, Makka:

Na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Ashe kurakuran nawa ba ɗaya ba ne. Amma ina da tambaya a kan farin abin nan. Da a ce kokwambar ba ta yi laushi ba, zan iya yaye shi in ci abin da ke ƙasa? Surukata ta ce su haka suke yi, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, musamman da yake ƙaramar 'yata ita ce ta fi kowa son turshi a gidan.

Maman Faisal, Sabil, Jidda:

Ni dai duk abin da ya yi fari a sama ba zai shiga bakin yarana ba. Fumfuna fumfuna ce, ko an yaye ta saiwarta tana ciki, kuma kuɗin kokwamba bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Goggo, Jarwal, Makka:

A'a 'yata, kada ki haɗa su. Akwai yana, akwai fumfuna. Yana fara ce sol, a shimfiɗe take kamar ta saman kunu, wani lokaci ta yi 'yan tattara, kuma da ludayi muke kwashe ta kowace safiya mu goge bakin randar da tsumma mai tsabta. Fumfuna kuwa gashi gare ta, takan yi kore ko baƙi ko ruwan hoda, ta tsaya tsibi-tsibi a kan abin da ya taso saman ruwa. Idan ita ce, mahaifiyata ba ta ko tsayawa shawara, randar gaba ɗaya take kifarwa. Da za a zubar da duk turshin da ya yi yana, da ba a ci turshi a Jarwal ba tun kafin a haife ki.

Yaya Asma'u, Madina:

Bayanin Goggo daidai yake da abin da muka karanta. Yanar nan wani nau'in yis ne da yake tsirowa inda ruwan ya haɗu da iska. Ba ta da dafi, amma kada a bar ta ta yi kauri, domin tsamin ruwan take ci, kuma idan tsami ya ragu an buɗe wa ruɓa ƙofa. A kan fumfuna mai gashi ko mai launi ina bayan Maman Faisal ɗari bisa ɗari, haka ma idan ruwan ya yi yauƙi, ko kayan sun narke, ko wari ya tashi maimakon ƙamshin tsami. Maganin duka biyun shi ne kada a bar komai ya leƙo saman ruwa. Ni ina naɗe ganyen kabeji in danna a saman kayan, sannan in ɗura ruwan gishirin a ƙaramar leda mai tsabta in ɗaure in ɗora a kai. Dalilin da ya sa nake zuba ruwan gishiri a ledar shi ne ko ta fashe ba za ta tsinka ruwan kwalbar ba. Murfin kuma kada a ɗaure shi tamau a kwanakin farko, a riƙa sassauta shi sau ɗaya a yini iska ta fita.

Wani abin da yake tsorata mutane a banza shi ne tafarnuwa ta koma shuɗiya ko koriya a cikin kwalba. Haɗuwarta da tsami ce take jawo haka, ba ta lalace ba.

Umm Muhannad, Karantina, Jidda:

Assalamu alaikum jama'a. Ina karanta wannan muhawara sai hawaye ya zo mini, domin ta mayar da ni gida. Ni a Gadarif ta Sudan aka haife ni, kuma can mukhallal ba shi ne babban abin da muke tsimawa ba. Ganyen tafasar nan da Hausawa suke kwaɗo da shi, maƙwabtanmu da suka zo daga Darfur su suka koya wa mahaifiyata yin kawal da shi. A tsinko ganyen yana ɗanye, a daka shi ya zama kamar ƙulli, a danƙara shi a cikin tulun ƙasa, a rufe samansa da ganyen dawa, a binne tulun a inuwa har wuya. Duk bayan kwana uku a buɗe a cuɗa da hannu a mayar, har kusan mako biyu, sannan a mulmula shi ƙanana a shanya a rana. Warinsa yana kama hannu kwana da kwanaki, amma a shekarar da nama ya gagari talaka shi ne yake riƙe miya. Akwai kuma furundu da ake yi da 'ya'yan karkade (yakuwa), wanda ba komai ba ne illa daddawar batso da kakanninmu suke yi da gurguzu a ƙasar Hausa.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne maganar binne tulu. Mutanen da suka rasa firji sun gane cewa cikin ƙasa ya fi sama sanyi, kamar yadda mahaifiyar Goggo ta gane ƙarƙashin matakala. Amma ina da tambaya ga Yaya Asma'u. Kawal ba a zuba masa gishiri ko ƙwaya ɗaya, ba a kuma zuba khal, to me ya sa shi ba ya cutarwa?

Yaya Asma'u, Madina:

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Kawal da daddawa gidansu ɗaya, kuma ba gidan turshi ba ne. Ƙwayoyin da suka fi yin aiki a cikinsu wasu ne daban, ba tsami suke samarwa ba, narkar da ganyen ko ƙwayar suke yi, daga nan ne wannan ƙaƙƙarfan warin yake fitowa. Abin da yake tsare su shi ne shanyawar da ake yi har su bushe, da kuma cewa ba wanda yake cin su ɗanye, a tukunyar miya suke ƙarewa su tafasa. Turshi kuwa a jiƙe yake zama, ɗanye kuma ake cin sa, saboda haka ba shi da mai gadi sai gishiri da tsami. Wannan ne ya sa ba na son a ɗauki dabarar wancan a kawo ta nan.

Abu Usama, Misfala, Makka:

Assalamu alaikum iyaye mata. Ni mai dafa abinci ne, na yi shekaru ina girka wa alhazai, kuma ina ganin an manta da hanya ta uku wadda ta fi dacewa da zafinmu, wato mai. Acar, wato turshin cikin mai da mutanen Hijaz suke ci da shinkafa bukhari daga mutanen Indiya aka koye shi, kuma ƙasarsu ma zafi gare ta. Ina sayen ɗanyen mangwaron Jazan tun ƙwallonsa bai yi tauri ba, in yanka, in cuɗe da gishiri da kurkum, in bar shi ya tsiyaye ruwansa, in shanya har ya yi yaushi. Sannan in soya hulba da ƙwayar khardal (mustad) sama-sama in daka da barkono, in haɗa, in zuba mai har ya shanye kansa. Yana shekara a kan kanta bai yi komai ba. Haka mutanen Sham suke makdus da ƙananan gauta, su cusa musu gyaɗar jauz da jan tattasai da tafarnuwa su nutsar a man zaitun. Ni har tafarnuwa zalla nake ɓarewa in zuba mata mai in ajiye kusa da murhu don sauƙin aiki. Mai yana toshe iska, abin da iska ba ta taɓa ba kuwa ba ya lalacewa.

Yaya Asma'u, Madina:

Malam Abu Usama, don girman Allah ka zubar da wannan tafarnuwar yau, kada ka ɗanɗana ta. Acar ɗinka ba na jin tsoronsa, domin ɗanyen mangwaro yana da tsami na kansa, ka kuma cika shi da gishiri ka tsane ruwansa. Makdus ma masu yin sa suna danne gautar da gishiri a ƙarƙashin nauyi na kwanaki kafin mai ya taɓa ta. Tafarnuwa kuwa ba ta da tsami, daga cikin ƙasa aka tono ta, kuma a cikin ƙasa ne ƙwayar cutar botulizim take zaune. Wannan ƙwayar ba ta son iska ko kaɗan, don haka toshe iskar da kake gani kariya ce shi ne ainihin abin da take nema: wuri mai ɗumi, mai danshi, marar iska, marar tsami. Dafinta ba lallai ya canja wari ko ɗanɗano ba. Mutum yakan fara ganin abu bibbiyu, fatar idonsa ta yi nauyi, haɗiya ta gagare shi, daga nan numfashi ya fara sarƙewa, kuma yawanci cikin sa'o'i 12 zuwa 36 alamun suke bayyana. Duk muna ƙasar nan a watan Afrilun 2024 lokacin da mutane da yawa suka kwanta asibiti a Riyad har aka rasa rai, daga baya hukuma ta sanar cewa an sami wannan ƙwayar a cikin mayonis.

Ƙwayar ba ta iya tsiro idan tsamin abinci ya sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin tsami, kuma a wannan ma'aunin raguwar lamba ita ce ƙaruwar tsami. Shi ya sa nake roƙon masu bin hanyar Maman Faisal su duba jikin kwalbar khal su tabbatar an rubuta kashi 5 cikin 100, kuma kada ruwan da za su tsinka shi da shi ya fi khal ɗin yawa. Tafarnuwar cikin mai idan dole ne a yi ta, a yi kaɗan, a saka a firji, a ƙarar cikin kwana 4.

Abu Usama, Misfala, Makka:

Na daɗe ina yin haka ban ga komai ba, amma ba zan ja da mai ilimin abin ba a kan abincin da bayin Allah suke ci daga hannuna. Na juye ta yanzu, na wanke kwalbar da tafasasshen ruwa. Allah ya saka miki da alheri.

Maman Khalid, Hindawiyya, Makka:

Ni tambayata ta addini ce, kuma ita ta hana ni yin irin na Goggo tun da daɗewa. Abin da aka rufe a kwalba yana kumfa yana fitar da iska har mako biyu, ina bambancinsa da abin da aka haramta mana? Na taɓa jin cewa ko jiƙon dabino ba a son ya wuce kwana uku. Ina roƙon Malam ya warware mana.

Malam, Madina:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayar Hajiya tana da kyau, kuma tsantseni ne ya kawo ta. Abin da shari'a ta rataya haramci a kansa shi ne sa maye, ba kumfa ko daɗewa ba, in ba haka ba da nono da kamu da ƙullin waina duk sun shiga ciki. Maganar kwana uku ta tabbata a hadisin Ibn Abbas da Muslim ya ruwaito, amma a kan jiƙon zabibi da makamantansa ne, abubuwa masu yawan zaƙi waɗanda idan aka bar su a ƙasa mai zafi suke rikiɗa su zama abin maye. Kokwamba da lifit a cikin ruwan gishiri tsami suke komawa, kuma ko mutum ya cinye randa guda ƙishirwa ce za ta kama shi, hankalinsa na nan. Khal kuwa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ci shi da gurasa ya kuma yabe shi da cewa madalla da shi a matsayin mahaɗi, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir. Inda malamai suka yi magana shi ne mutum ya ɗauki giya da gangan ya sarrafa ta ta zama khal, wannan kuma wata mas'ala ce da ba ta shafi kwalbar da ke kicin ɗinki ba. Allah ne mafi sani.

Maman Faisal, Sabil, Jidda:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Akwai abu ɗaya da har yanzu ban gamsu da shi ba a hanyar Goggo. Idan ruwan ƙwai gishirinsa kashi 10 ne cikin 100, yaya mai hawan jini zai yi? Maigidana likita ya hana shi gishiri, kuma an gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son babban mutum ya kai giram 5 a yini, alhali shi idan ya ga turshi ba ya iya kawar da kai. A hanyar khal ina iya rage gishirin yadda nake so tunda ba shi ne yake tsare abincin ba.

Goggo, Jarwal, Makka:

A nan kin fi ni gaskiya 'yata, ni ma ina shan maganin hawan jini. Abin da nake yi shi ne in ɗebo na ci ɗaya in jiƙa a ruwan daɗi tun hantsi, in canja ruwan sau ɗaya, kafin azahar gishirin ya sauka. Ko da haka yanka biyu ko uku nake ɗauka. Amma kada wata ta ji wannan ta rage gishiri a cikin randa, a faranti ake rage shi.

Maman Hanan, Rusaifa, Makka:

Assalamu alaikum iyayena, na dawo da labari bayan kwana tara. Na sayi ƙaramin sikelin kicin, na raba kokwamba kilo 2 gida biyu don in gwada hanyoyin duka. Ta Maman Faisal ta fito yadda ta faɗa, kuma yara sun cinye ta tun kafin ɗayar ta nuna. Ɗaya kwalbar kuwa na tafasa ruwa na bar shi ya huce saboda sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo, na auna giram 50 na gishiri mai tsakuwa a lita, na yanke kan fure na kowace kokwamba, na danna ganyen kabeji da ledar ruwan gishiri, na ajiye a ƙasan kabad na ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake kwana a kunne. Kumfa ta fara a rana ta uku kamar wancan karon, amma yanzu ban tsorata ba. A rana ta biyar launinta ya juya daga kore shar zuwa ruwan zaitun, na ciro ɗaya na gatsa sai da 'yata ta jiyo ƙarar daga falo. Yana ta ɗan fito a gefe a rana ta shida, na kwashe ta na mayar da kwalbar firji. Maigidan ya ce tsamin bai kai na maƙwabciyarmu ba, ni ma na ji haka, ina ganin tsoro ne ya sa na yi saurin ɗauke ta. Yanzu ya kawo mini lemun tsami ƙanana na banzahir, ina so in san ko shi ma sai na jira sanyi.

Goggo, Jarwal, Makka:

Madalla 'yata, Allah ya yi miki albarka. Wani karon ki ƙara mata kwana biyu kafin firji, kina ɗanɗanawa kowace safiya. Lemun tsami ba ya jiran sanyi, tsaminsa a jikinsa yake. Ki wanke shi ki goge ya bushe sarai, ki tsaga kowane gida huɗu ba tare da kin raba shi ba, ki cusa gishiri da usfur (busasshen furen nan mai ba abinci launi) da habbatus sauda a cikin tsagar, ki danna su a kwalba da ƙarfi har ruwansu ya fito. Idan ruwan bai rufe su ba ki matse wasu lemun ki cika, kada ki ƙara ruwan famfo. Ki sa leda tsakanin bakin kwalbar da murfin ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Zai yi wata guda kafin ɗacin ɓawon ya fita, kuma za ki gane ya nuna idan kin danna ɓawon da bayan cokali ya lotsa. Idan sanyi ya shigo ki zo Jarwal da kwalbarki mu haɗa na lifit tare, ki taho da shamandar (bitrut) guda biyu, su ne suke ba shi jan launin nan.